Facin Siliki

Ƙarfe uku na dare a Guwahati.
Tun Litinin ruwa bai ɗauke ba,
kogin Brahmaputra ya cika ya batse,
ni kuwa ina tsaye gaban tukunya
ina dafa gidajen tsutsar siliki
har danƙonsu ya saki.

Haka kakata take yi a Sualkuchi,
sai dai ita da tokar ɓawon ayaba.
Ita zare take nema.
Ni kashe zaren nake yi:
in narkar da shi a ruwan gishiri mai zafi,
in yi kwana uku ina ɗauraya,
in zuba a faranti ya bushe
ya zama wata fata shara-shara,
ɓawon albasa ma ya fi ta kauri.

Babana, Horen Baishya,
shekara arba'in da ɗaya a bakin masaƙa.
Bara ya ce mini, Bhanita,
ina ganin kunnuwanki da gefen gyalenki,
amma fuskarki wani ya ɗiga mata tawada.
Likita ya ce shimfiɗar bayan ido ce,
ƙwayoyin da ke ciyar da gani sun mutu a tsakiya,
kamar tabarmar da ta cinye
daidai inda aka fi zama.

Har yau yana jefa ƙoshiya.
Yatsa ke duba masa aiki,
in zare ya tsinke kunne ke faɗa masa.

To, a kan wannan fata nake dashe.
Ɗigo-ɗigo, da siririn bututu,
yadda matan ƙauyenmu ke dasa shinkafa cikin taɓo,
sai dai gonata ba ta kai farcen babban yatsa ba.
In sa su a akwati mai ɗumin jikin mutum,
in sake musu romo kwana bibbiyu,
in yi musu magana idan ba kowa.

Na farko funfuna ta cinye.
Damina ba ruwanta da farar riga.
Na biyu suka ƙi kamawa,
suka dunƙule, suka taso sama.
Dokta Saikia ta ce fatar ta yi santsi,
ta rubuta a littafi, ta tafi shan shayi.
Na yi kukana a banɗaki,
na dawo na wanke kwalabe.

Wannan ne na bakwai.
Yau kwanansa arba'in da biyu.
Ɗazu na kafa ido a madubin ƙara girma:
sun kama.
Sun jeru kafaɗa da kafaɗa,
kowace da kusurwa shida,
sun yi duhun shayin da bai ga madara ba.
Saƙar zuma sak.
Ba wanda ya koya musu,
shimfiɗa kawai suke jira.

Ban yi shewa ba. Na san sauran tafiya:
zomaye tukuna, sai takardu, sai shekaru,
sai hannun likitan da ba ya rawa.
Wataƙila idon wani ne zai samu,
wani da yau ke karanta jarida ba tabarau,
ba na Baba ba.
Wannan lissafin ba na yin sa da rana.

Ran Lahadi na kai masa wadda aka yar,
busasshiya, ba ƙwaya ko ɗaya a kanta.
Ya murza, ya shinshina, ya kai ta kunne.
Ya ce, ba zaren tsaye, ba na kwance,
wane malalaci ya saƙa wannan?
Na ce ba saƙa ba ce, Baba, faci ne.
Ya yi shiru.
Ya ce, to kar ki ja da ƙarfi,
tsohon yadi ne ke yagewa, ba sabo ba.

Sai ya karkata kansa gefe
don ya same ni da wutsiyar ido,
can inda har yanzu nake.
Ya ce, kin rame.
Ya ɗaga murya a ƙaro kifi.